Abin da Na Kasa Gyarawa

Shekara ashirin da biyu ina gyaran rediyo
a wata 'yar rumfa bayan tashar jirgi, Sabon Gari.
Duk akwatin da ya yi shiru, ni ake kawo wa.
In buɗe cikinsa, in kori kyankyasai, in ɗiga dalma,
sai ya yi tari sau biyu, ya kama labaran duniya.

Sai ga shiru ya shigo gidana, bai yi sallama ba.

Barira na da shekara huɗu
bazarar da sanƙarau ya ratsa layinmu.
Kwana goma sha ɗaya a Shika.
Ta tashi. Muka yanka zakara, muka raba waina.
Ba mu ƙirga abin da ciwon ya tafi da shi ba.

Na kira ta daga zaure, ba ta waigo ba.
Na kira sau uku. Na ce kunnen ƙashi ne,
na ce halin dangin uwarta.
Har na ɗaga hannu,
wannan hannun, na dama.
Ranar da tasa ta faɗi a bayanta,
kaji suka watse, jariri ya tsala ihu,
ita ko tana ta jera ƙwallayen dabino a ƙasa,
ranar na gane wanda ba ya ji a gidan nan.

Kakarta ta ce iska ce.
Aka ɗiga man shanu, aka yi hayaƙi.
Likita kuwa ya zana layi a takarda,
layin ya gangara kamar mai saukowa daga Kufena.
Ya ce, Malam Ilu, wannan jijiya ba a yi mata dalma.
Ya ce, kunne ne ya rufe. Hankalin nan yana nan garau.

Wata la'asar na tarar da yaran layi
kowa da ganye a baki, sun kewaye ta.
Ba ta yi kuka ba.
Kallonsu take ɗaya bayan ɗaya
kamar mai haddace fuskoki.
Ni ne na shiga rumfa, na ƙure murya rediyo uku
don kada a ji ni.

Malama Tabawa ta Tudun Jukun ce ta zaunar da ni,
ni da furfurata, a kan bencin yara.
Ta ce, daina ihu, ihu ɓata fuska yake.
Tsaya inda haske ke dukan bakinka.
Taɓa kafaɗa kafin ka fara.
Yatsun da ke zaro waya siririya kamar gashi
suka zama rani biyu ba su iya cewa ruwa ba.
Na so in ce abinci, na ce akuya.
Barira ta yi dariya har ta faɗo daga benci.
Ashe muryar na nan. Ni ne na daina saurare.

Ta raɗa mini suna:
yatsa biyu a gefen kunne, a murɗa,
kamar mai neman tasha.

Yanzu shekararta goma sha uku.
Tana zuwa rumfa bayan makaranta,
ta ɗora tafi a kan lasifika,
ta girgiza kai: da saura, Baba, yana rawa ba daidai ba.
In na duba, sai in ga gaskiyarta.
Babbar mota in ta taso daga Kwangila,
tafin ƙafarta ke riga kunnena sani.

Jiya wani ya kawo gyara, ya dube ta, ya ce,
Allah sarki, bebiya.
Ta karanta leɓensa tsaf.
Ta juyo gare ni, hannuwanta na tashi kamar tattabaru:
Gaya masa batirinsa ya saka a juye.

Na gaya masa.
Ban karɓi ko sisi ba.