Ƙasusuwan Hannu

Ottavia ta san ƙasusuwan hannu, ashirin da bakwai.
Daren jiya ta jero su tsaf tana wanke tukunyar taliya.
Yau ga ta a benci na uku, a Bologna,
ɗaki na warin jiƙaƙƙun riguna da tsohon katako.

A nan ba a rubutawa. Da baki ake amsawa,
gaban farfesa, gaban duk wanda ya shigo kallo.

Cikinta ya ɗuri ruwa.
Kofi uku ta sha, ba ta karya ba.
Shekara biyu tana wuce doguwar hasumiyar garin, ba ta hau ba:
ɗalibai sun ce mai hawa kafin ya gama, ba ya gamawa.
Babanta can kudu, mai gasa burodi tun kafin asuba,
tuni ya gaya wa maƙwabta likita ce.

"Scarcella!"

Farfesa ya shimfiɗa hannunsa kan tebur:
fara daga wuyan hannu.
Kanta fayau, kamar allon da aka wanke.
Wani ya yi tari a baya.

Sai ta dubi nata hannun yana rawa a cinya,
ta danna gindin babban yatsa,
wurin da Baba ke murza ƙullu da shi.
Ƙashin yana nan.
Sunansa ya taho a hankali,
na biyu ya biyo sawu.

Ashirin da uku cikin talatin.

Ta fito ana yayyafi,
ta kira gida, ta kasa magana,
tana jin ƙofar tanda ta cikin waya.