Auren Ceri a Harrogate

Fabrairu. Yatsuna sun sandare a cikin rumfar gilashi.
Maureen Oldroyd ta miƙo mini wuƙar mijinta marigayi,
ƙotar ta yi santsi don riƙo.
Ta ce, yanka ɗaya, a karkace,
in ka koma sau biyu ka ɓata.

Reshen bai fi kaurin fensir ba.
Gindin kuwa na cerin daji ne, mai taurin rai,
wanda ba a zuwa kallonsa.
Kore ya sadu da kore, in ji ta,
wannan siririn da ke ƙarƙashin ɓawo.
Sauran duk itace ne kawai.

Ban gaya mata ba cewa na san aikin.
A gonarmu ta bakin rafi a Gwaram
Baba yana yi wa mangwaro aure da reza da tsumman leda,
ni ina riƙe masa zare da haƙori.
Amma shi don 'ya'ya yake yi.

Wannan kuwa ba ta haihuwa.
Fure kan fure, har ba wurin ƙwallo.
Da na faɗa masa a waya ya yi shiru,
sannan ya ce, to me ake ci?
Na ce, ba komai, Baba. Kallo.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Talatin na ɗaure, na shafe da kaki.
Goma sha ɗaya suka kama.
Sauran sun yi baƙi a tukunya,
Maureen ta tuge su ba ko ta'aziyya.
Gindin ma bai daina gardama ba,
yana ta turo nasa tsiron daga ƙasa,
ni kuma ina bi da almakashi, ina jin nauyinsa.

Shekara uku ke nan. Baba bai kai ga wannan Afrilu ba.
Yau da safe, kafin motar shara ta wuce,
ta bakwai a layi ta buɗe,
ruwan hoda, kamar an wanke jan mayafi sau ɗari.
Kwana goma ne, in iska ta yi mutunci.

Na durƙusa na shafa kullutun da ke wuyanta,
inda wuƙa ta bi, inda biyu suka yarda.
Na ɗauki hoto.
Na daɗe tsaye da wayar a hannu.