Shirun Merapi

Wata uku muna ɗaki ɗaya a Yogyakarta,
ni da Malama Retno da fanka mai tari,
muna gina dutse mai aman wuta a cikin kwamfuta.
Ita ta san cikinsa, ni na san launi.
Ta ce, "Danang, narkakken dutse ba kunu ba ne,
rage masa gudu." Na rage.
Gahawa ta huce a kofi.

Muka sa ɗan maɓalli a gefen allo.
Ɗalibi ya ja shi sama, iska ta taru a ciki,
ya ja ƙasa, dutse ya koma barci.
In ya kuskure, ƙauye ya ƙone,
ya danna, ƙauye ya dawo da kajinsa da shanyarsa.
Na ji kaina da wannan.
Sautin ma da kuɗina na saya,
rugugi irin na aradu.

Ranar gwaji, ɗalibai arba'in da biyu,
yatsu a kan gilashi, ana ta shewa,
kowa na tada dutse yana kwantarwa
kamar mai wasa da kyanwa.
Sai Sekar, can a layin baya,
ta cire abin kunne ta ajiye.

Ta ce, "Lissafin daidai ne. Ƙarar ce ba haka ba.
Ina shekara bakwai. Shiru aka fara yi.
Tsuntsaye suka ɗauke.
Birai suka sauko gonar kakata,
ko ayaba ɗaya ba su taɓa ba.
Toka ta zo kamar ana tankaɗe a kan rufi.
Kuma wannan maɓallin na dawowa..."
Ba ta ƙarasa ba.

An ce gani ya kori ji.
Ranar nan ji ne ya kori duk abin da na zana.

Ban kwana gida ba.
Na goge aradun da na saya,
na sa shiru na daƙiƙa tara,
tsuntsaye na yin tsit ɗaya bayan ɗaya.
Kan maɓallin muka yi ta ja da Malama.
Ta ce ba a koyo sai an maimaita.
Na ce to, a jira tukuna.
Yanzu in ƙauye ya ƙone
allo ba ya jin yatsa sai an ƙirga ashirin.

Ta taga Merapi na can da ɗan hayaƙinsa,
bai san da jarrabawar kowa ba.
Gobe Sekar za ta zo ta saurara,
ta faɗa mini ko shirun ya yi kama.