Kaset ɗin Zabairu

A fadarmu ta Bukoki, shayi na biyu na kan wuta,
Zabairu ya zaro kaset daga aljihu,
ya soka masa bik yana juyawa
kamar mai burga miya.

Ya ce, daren da aka ɗauke wuta ne,
shekarar da na faɗi jarrabawa.
Mai jita ya kai inda waya ke kuka,
sai ɗif.
Ba wanda ya nemi ƙofa.
Wata yarinya can baya ta ɗauki kiɗan da baki,
muka bi ta, duk Yamai a zaure ɗaya,
mai ganga na dukan cinyarsa.
Rikodata mai pil ce kaɗai ba ta mutu ba.

Muka kunna. Shuuu, tari, kujera ta faɗi.
Samari suka ɗago daga wayoyinsu:
Tsoho, ina waƙar?

Ya ɗaga yatsa.
Ga ta nan, siririyar muryar da ta riga kowa.
Uwar Tsayabu ce.
Bana shekara shida.

Shayi ya tafasa har ya kashe gawayi,
ba wanda ya sauke.