Waya ta Huɗu

Harisu, sauko daga tsanin nan.
Sauko ka share gilashi kafin Hajiya Tsahara ta taka.

Ampul shida ka ɗaura, ina ƙirgawa daga bakin ƙofa.
Suka kama kamar azahar ta faɗo cikin ɗaki,
matan da ke tsintar gyaɗa suka ɗauki guɗa,
guɗar ba ta kai ƙarshe ba, tas! tas!
sai duhu, sai warin roba,
sai muryar wata tsohuwa tana neman takalminta.

Ba aljanu ba ne, kada ka bari su ce aljanu.
Wayoyin nan uku da suka shigo daga titin Mokoyo
don inji aka ja su, ba don ido ba.
Duk ukun masu rai ne, ba wadda ke barci.
Tsakanin kowace biyu
ɗari uku da tamanin ke kai da komo,
abincin injin matsar mai ke nan,
mai haɗiye buhu ashirin kafin la'asar.
Ampul kuwa cikinsa ɗan ƙanƙane,
ɗari biyu da ashirin ya ƙoshi.
Ka tsayar da shi tsakanin raguna biyu suna karo,
ka ce ya raba su.

Hajiya ta ce, "Malam Rabe, ba dabara?
Haɗa su bibbiyu mana, su raba nauyin."
Na ce, Hajiya, an taɓa yi.
Ɗaya ya mutu, ɗan'uwansa ya bi shi,
kafin nan ma haskensu na mai zazzaɓi.
Ta ce, "Nawa?" Na faɗa. Ta gyara mayafi, ta dubi rufi.

Akwai waya ta huɗu, Harisu.
Tana can a akwatin kwantar, an naɗe ta tun shekarar da aka gina nan,
ba wanda ya ga amfanin jan ta.
Ba ta juya inji, ba ta tartsatsi,
hanyar komawa gida ce kawai.
Kama ɗaya daga masu rai, kama ta,
sai wuta ta sauko daidai bakin ampul.

Taku arba'in ne daga can zuwa nan. Kashe babban makunni tukuna.
Ka kashe? Gwada. Sake gwadawa.
Dubi tafin hannuna, wannan farin tabo,
a Tibiri na same shi, ranar da na yarda da bakin wani.

Bayan isha'i muka kunna.
Ba guɗa wannan karon, ba wanda ya ɗaga kai,
sai tsakuwa na faɗawa cikin kwano, ƙwas, ƙwas,
mata na raba ta da gyaɗa.

Kuɗin ampul shida, jikka uku.
Na biya. Kada ka gode mini,
ɗauko tsanin, babur ba mai, da ƙafa za mu.