Sunan Dutse

Bayan gonar Baba Gonda, inda hanyar Mirya ke karkata,
duwatsu bakwai ne a gurfane
kamar raƙuman da aka manta ba a tayar ba.
Ni da Tsahiru muka same su wata Laraba,
man babur ya ƙare, muka fake a inuwarsu muna zargin juna,
sai hannuna ya faɗa wani ɗan gurbi a jikin dutse,
daidai yatsu uku, ba ƙari.
Na ja. Ya riƙe ni.

Wata biyu muna shara.
Fasasshiyar kwalba, baƙar leda, kashin awaki,
ƙayar aduwa, ƙarangiya har cikin wando.
Shi da burushin waya, ni da tsohon burushin haƙori,
muna bin tsaga kamar masu wanke wa jariri kunne.
Wata kunama ta ci ni tara a babban yatsa,
kwana uku ban riƙe cokali ba.

Katifar soso ta gidan Lawali, wadda ta raini ƴaƴa huɗu,
muka tufatar da buhun siminti, muka ɗinke da zaren baduku.
Nan ake faɗowa.
Allin lakwal muka daka a turmin gida,
har yau matata ba ta yafe ba.

Baba Gonda ya zo, hauya a kafaɗa.
Me kuka ajiye a sama?
Babu, Baba.
To ku zagaya ta baya mana, ko jaki yana hawa ta can.
Ta gaban muke so.
Ya daɗe yana duban mu, duban likita ga wanda ba ya jin magani.
Kar ku taka mini wake, ya ce, ya tafi.

Muka raɗa sunaye ba rago ba goro:
Kunnen Jaki. Bashin Gobe. Shayi Ba Sukari.
Na ƙarshen, baƙi, mai tumbi a gaba,
kwana goma sha tara yana zubar da ni,
ya cinye fatar yatsuna bai ce ya ƙoshi ba.
Na sa masa Surukina, don ba a haɗa ido da shi.

Tsahiru ya ce mu rufe baki.
In Zango ta ji, in Garin Malam ta ji,
gobe ɓawon rake ne da ledar ruwa,
wani ya shafa sunan budurwarsa da jan fenti.
Na yarda da shi dare ɗaya.
Amma wanda ke sama yana son hannuwa a ƙasa,
mu kuwa huɗu gare mu, biyu suna bisa dutse.
Na zana hanya a bayan kwalin shayi,
na liƙa a rumfar mai faci, na rubuta a ƙasa:
ka zo da buhunka, ka koma da shararka, waken na Baba ne.

Juma'a bayan la'asar, mutum goma sha ɗaya.
Tela, ɗan kabu-kabu, malamar lissafi da ƙanenta.
Aka faɗi, aka yi dariya, aka sake faɗi.
Sai ga Barira mai kiwo, ba ta cika sha biyu ba.
Ta jingine sanda, ta tofa yawu a tafi,
ba alli, ba takalmi, ko kallon katifa ba ta yi ba,
ta bi Surukina ta hagu, ta tsagar da ban taɓa gani ba,
ta zauna a kansa tana ƙirga awaki.

Wa ya koya miki?
Akuyata.
Kuma ba sunansa ke nan ba,
kakata Gadon Rema take ce masa, nan ita ma take hango garke.

Da dare na ciro kwalin daga rumfar mai faci.
Na soke suna ɗaya.
Sauran shidan na bar su da ɗan fili a gefe,
gobe zan bi awaki in tambaya.