Akwai Sauka

Tun daga gadar Kwalkwalawa nake shirya kalma biyu,
ina juya su a baki kamar ƙwallon goruba:
akwai sauka.
Bas ta wuce ƙofar tsangayarmu,
ban furta ba.
Na sauka inda wani ya sauka,
na dawo a ƙafa, ranar Dundaye tana dukan ƙeyata.
Canjina na naira hamsin yana hannun yaron mota,
karo na huɗu ke nan a makon nan.

Ɗakin lacca ƙofa ɗaya gare shi,
kuma a gaba take.
In na makara, ido ɗari uku ne zai tarbe ni,
sai in tsaya bayan taga ƙarƙashin dogon yaro,
ina tsintar karatu kamar kaza a bakin turmi.

Jiya Malama Luba ta yi tambaya.
Na san amsar, wallahi na sani,
ni na koya wa Attahiru ita a ɗaki da fitilar waya.
Hannuna ya yi nauyi kamar buhun albasa,
zufa ta jiƙa takarda har tawada ta narke.
Attahiru ya tashi ya faɗi rabinta,
aka tafa masa.

A gida kunya ado ce.
Kawu Marafa yakan nuna ni ga baƙi:
ga yaro natsattse, bai kallon idon manya.
Ba wanda ya lura adon ya zama ƙaya,
yanzu ko gaisuwa sai ta soke ni kafin ta fito.
A nan kuwa sun ce girman kai ne,
wata ta ce ko ɗan wane ne oho.

Ƙamshin shinkafa da wake na kira daga rumfar Ta'Allah,
na leƙa, benci cike da dariya.
Ba ni ake wa ba, na sani,
amma cikina bai yarda ba.
Na koma ɗaki na jiƙa garin kwaki.

Da dare Inna ta bugo daga Gwadabawa:
"Nafi'u, kana dai cin abinci?"
Awo, Inna.
"Ka yi abokai?"
Da yawa, Inna.
Silin ya dube ni, na juya masa baya.

Ran Laraba zan tsaya gaban aji, minti biyar.
Na karanta wa bango sau goma sha ɗaya,
bango bai yi dariya ba.

Yau da yamma, a hanyar komawa gari,
wata yarinya kusa da ni tana murza gefen hijabi,
leɓenta na motsi, ba sauti,
Runjin Sambo na wucewa ta taga.
Na gane wannan motsin.
Ban san lokacin da muryata ta fita ba,
a shaƙe, kamar ta ɗan zakara:
"Direba, akwai sauka."

Ta sauka ba ta waiwayo ba.
Ni kuma har yanzu gwiwata rawa take.
Canjina dai
na bar shi sai gobe.